Daga ardwazi zuwa telekomandi: tarihin na'urar da ke sa ɗalibi ya yi magana

Yau za mu leƙa tarihin wata ƴar na'ura mai kama da telekomandi, wadda ɗaliban kimiyya ke riƙewa a jami'o'in Amurka da Turai. Malami ya jefa tambaya, kowa ya danna amsarsa, nan take kwamfuta ta nuna mutum nawa suka zaɓi kowace amsa.

Abin ya faro ne a shekarun 1960, lokacin da jami'o'i irin su Stanford da Cornell suka liƙa maɓallai a kujerun ɗalibai, aka ja wayoyi har teburin malami. Kayan na da tsada, ga yawan lalacewa, kuma ba a ga wani ci gaba na kirki ba, don salon koyarwa bai canza ba. Malami na ta zuba, ɗalibai na ta kwafa.

Canjin ya zo ta hannun Eric Mazur, malamin fizik a jami'ar Harvard. Wajen 1990 ya gwada ɗalibansa da wasu tambayoyi marasa lissafi, waɗanda David Hestenes da abokan aikinsa suka tsara. Ga irinsu: babbar mota ta yi karo da ƙarama, wace ce ta bugi ƴar uwarta da ƙarfi mafi yawa? Dokar Newton ta uku ta ce ƙarfin ɗaya ne. Amma ɗalibai da dama, waɗanda ke warware lissafi mai wuya, suka ce babbar. Ashe hadda suke yi, fahimta ba ta zauna ba.

Daga 1991 Mazur ya sake salo. Ya yi bayani kaɗan, ya kawo tambaya, kowa ya amsa shi kaɗai. In amsoshi sun rarrabu, sai ya ce kowa ya juya ya shawo kan na kusa da shi. Bayan ƴan mintoci a sake amsawa, kuma sau da yawa masu gaskiya sun ƙaru. Dalili kuwa, wanda ya gane abu yanzu-yanzu bai manta inda ya yi tuntuɓe ba, ya fi farfesa sanin inda ɗan uwansa ya maƙale. A 1998 Richard Hake ya tattara sakamakon ɗalibai fiye da 6,000 a azuzuwa 62: inda malami kaɗai ke magana, ɗalibai sun cike kusan kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ba su sani ba; inda ake sa su cikin darasi, kusan rabi.

To, mu da muka yi lakkol, wannan ba baƙon abu ba ne. Mushe ya faɗi lissafi, mu rubuta da alli, ya ƙwanƙwasa tebur, kowa ya ɗaga ardwazi. Dabarar nan ta fito daga makarantar La Martinière ta birnin Liyon a Faransa, tun ƙarni na 19. Abin da na'ura ta ƙara biyu ne: tana ƙirga ɗaruruwan amsoshi cikin ƙiftawar ido, kuma tana rufa asiri. Mai jin kunyar ɗaga hannu gaban jama'a zai danna abin da ke zuciyarsa ba tare da tsoron dariya ba.

Yau salula ta soma maye gurbin na'urar, wasu malamai kuma katin takarda mai harufa A, B, C, D kawai suke rabawa. Ke nan a manyan ɗakunan karatu na jami'o'inmu, daga Yamai zuwa Maraɗi, Damagaram da Tawa, rashin kuɗi ba zai hana ba. Aikin yana ga shirya tambaya mai tono kuskure, da haƙurin barin ɗalibai su yi gardama. Gara malami ya gano ba a fahimce shi ba tun ana cikin darasi, da ya gano ranar gyaran takardun jarrabawa, lokacin da shekarar ɗan wani ta riga ta tafi.

Allah ya ba malamanmu da ɗalibanmu sa'a. Sai mun sake haɗuwa.