Kukan Talaka da Sandar Hukuma: Waiwaye a kan Gwagwarmayar Tsadar Rayuwa ta 2005 daga Ƙasar Adar

Duk wanda ya san birnin Tawa ya san cewa Lahadi ce ranar babbar kasuwarsa. A nan manomin Kalfu da na Barmu ke haɗuwa da makiyayin da ya gangaro daga Abalak, kuma a nan ake gane lafiyar ƙasar Adar tun kafin rediyo ya faɗa. Idan tiyar hatsi ta yi sauƙi, fuskoki a sake suke. Idan ta hau, sai farashin akuya da tunkiya ya faɗi, domin kowa so yake ya sayar da dabba ya auni abinci. A farkon shekarar 2005 kasuwar ta nuna alamar da dattawa suka sani tun yunwar El Buhari ta 1984. Damanar 2004 ta ɗauke da wuri, farin dango sun sauka a arewacin ƙasar noma, rumbuna da yawa ba su cika ba. Hukumomi da kansu sun ƙiyasta giɓin cimaka da ya haura tan 200,000, kuma jihar Tawa na cikin wuraren da abin ya fi tsanani.

A cikin wannan hali ne dokar kasafin kuɗin 2005 ta fara aiki a watan Janairu. Dokar ta ɗora harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari a kan kayan da a da aka yafe musu: garin fulawa, madara, sukari, da wani kaso na ruwan famfo da wutar lantarki. Shugaba Mamadu Tanja bai daɗe da sake cin zaɓe ba a Disamba 2004, Hama Amadu na riƙe da muƙamin firaminista, Ali Mahaman Lamin Zen kuma na ministan kuɗi. Gwamnati na da hujjojinta. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin kuɗin shiga na haraji a yankin sefa, ta cim ma yafiyar wani ɓangare na bashinta a 2004, kuma tana cikin sabuwar yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya wadda ta buƙaci ta ƙara abin da take tarawa a cikin gida. Talaka kuwa abin da ya gani shi ne burodi da sukarin shayi sun ƙara kuɗi a shekarar da buhun hatsi ke neman gagarar sa.

Yadda abin ya gudana

Ƙungiyoyin kare masu saye, na ma'aikata da na farar hula suka haɗu a ƙarƙashin wani ƙawance na yaƙi da tsadar rayuwa, wanda Nuhu Arzika ya jagoranta. Ranar 15 ga Maris 2005 dubban mutane suka cika titunan Yamai, taron da aka daɗe ba a ga irinsa ba. Mafi yawansu sun yi maci sun koma gida, amma a gefen taron an ƙona tayoyi, an lalata wasu kayan jama'a, an kuma kama mutane. Cikin kwanakin da suka biyo baya guguwar ta isa Maradi, Tawa, Damagaram da Agadas, kuma a wasu daga cikin waɗannan birane an kai ga jifa da barkonon tsohuwa da kame.

Da hukuma ta hana maci na gaba, sai ƙawancen ya sake dabara, ya kira jama'a su zauna gida ranar 22 ga Maris. Kasuwanni suka kasance a rufe, motocin haya suka tsaya, garuruwa suka yi tsit. A ƙarshen watan aka kama jagorori biyar: Nuhu Arzika, Maru Amadu, Mustafa Kadi, Musa Changari da Kasum Isa. An tuhume su da ƙulla makirci ga tsaron ƙasa, bayan sun roƙi malaman addini su yi addu'o'in neman sauƙi, roƙon da gwamnati ta fassara da kiran tawaye a fakaice. An kuma rufe gidan rediyon Alternative na ɗan lokaci. Matsin bai kashe wutar ba. Ranar 7 ga Afrilu aka sake su, ranar 19 ga Afrilu kuma aka cim ma yarjejeniya: an cire harajin daga fulawa da madara, an sassauta wa masu ƙaramin amfani da ruwa da wuta, aka amince a nemi cike giɓin ta wasu hanyoyin haraji.

Hujjojin ɓangarori biyu

Muhawarar da ta biyo baya ba ta mutu ba har yau. Masu goyon bayan gwamnati sun tsaya a kan abu uku. Na farko, majalisar dokoki da jama'a suka zaɓa ce ta amince da kasafin, saboda haka wanda ya warware shi a kan titi ya ƙwace aikin akwatin zaɓe. Na biyu, ƙasar da ba ta tara haraji ba za ta biya malamin makaranta ko ta sayi maganin asibiti ba, sai dai ta ci gaba da miƙa ƙoƙon bara. Na uku, duk wanda ya kira taro ya ɗauki alhakin abin da taron ya haifar, kuma mai tebur ɗin da aka watsar masa da kaya shi ma talaka ne.

Ƴan ƙawancen suka amsa da cewa ƙuri'a ba takardar sayar da baki ba ce. Tsarin mulkin 1999 ya amince da ƴancin taro da na zanga-zanga, kuma babu wanda ya gaya wa masu zaɓe a Disamba cewa za a tsawwala musu kuɗin abinci a Janairu. Sun ƙara da cewa harajin da ke kan sukari daidai yake cizon attajiri da mai turin kura, alhali aljihunsu ba ɗaya ba ne, kuma kafin hukuma ta nemi talaka ya ɗaure ciki, ya kamata ta fara rage nata kashe-kashen. Game da ɓarna kuwa, sun ce tsiraru ne suka aikata, kuma hana maci shi ke mayar da taro mai jagora ya zama gungu marar jagora.

Idan aka auna maganganun nan da abin da ya faru, za a ga kowane ɓangare na da inda ya dafa ƙasa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai akwai abu ɗaya da tarihin makonnin nan ya fayyace: ranar da ta fi girgiza gwamnati ita ce ranar zaman gida, wadda ƙarfinta bai dogara ga jifa ko ƙone-ƙone ba. Tayar da aka ƙona ta ba hukuma hujjar hani da kame. Kasuwar da aka rufe kuwa ta bar ɗan sanda riƙe da kulki babu wanda zai doka.

Muryar da ba a ji ba

Daga arewacin Adar ana iya ganin wani gefen al'amarin da ba a cika gani daga Yamai ba. Mutumin Takanamat ko na ƙauyukan Keita a 2005 ba shi da mitar wuta balle ta ruwa. Damuwarsa hatsi ce, kuma hatsi ba ya cikin kayan da aka yi jayayya a kansu. Lokacin da birane ke murnar yarjejeniyar Afrilu, mata a karkara sun riga sun fara tsinkar anza suna jiƙa ta kwana da kwanaki don cire ɗacinta. Gwamnati da masu ba da agaji sun daɗe suna dogara ga sayar da hatsi a farashi mai rahusa, don gudun kada rabon kyauta ya ɓata kasuwa, alhali dubban iyalai ba su da ko kuɗin rahusar. A farkon Yuni wasu ƙungiyoyi sun yi maci a Yamai suna neman a raba abinci kyauta, amma taron bai kama ƙafar na Maris ba. Sai da hotunan yara masu tamowa suka karaɗe duniya aka shiga rabon kyauta gadan-gadan wajen Agusta, watan da Shugaba Tanja ya musanta a wata hira da BBC cewa akwai yunwa a ƙasarsa.

Wannan ya sa wasu ke tambaya ko gwagwarmayar ta ƴan birni ce kawai, ta masu albashi da masu shan shayi da burodi. Tambayar na da nauyi, amma ba ta rushe halaccin kukan ba, domin birni da ƙauye a Adar tukunya ɗaya suke ci. Malamin makarantar da ke Tawa shi ke aika tiya goma ga iyayensa, kuma abin da haraji ya cinye daga albashinsa daga bakin ƙauye aka cire shi. Abin da tambayar ta tona shi ne cewa wanda ya fi shan wuya ba lalle ne ya fi kowa iya ɗaga murya ba.

Adarawa dai suna da tsohuwar hanyar nuna ƙin yarda, wato ƙafa. A zamanin Faransa, lokacin da lanho da aikin tilas suka yi tsanani, mutane kan kwashe iyali su tsallaka ƙasar Sakkwato. An soke aikin tilas a 1946, Seini Kunce kuma ya soke harajin kai a ƙarshen shekarun 1970 da kuɗin yuraniyom, amma tafiya cin rani zuwa Najeriya, Abijan da Libiya ta zauna daram. A 2005 ma samari da yawa sun amsa tsadar rayuwa ta hanyar hawa mota a tasha. Irin wannan ƙorafi ba ya tare hanya, ba ya fasa gilashi, saboda haka ba ya hana kowane mai mulki barci.

Abin da ya gabata da abin da ya biyo

Nijar ta riga ta san tsadar amsa kukan tattalin arziki da ƙarfi. Fari da zargin karkatar da abincin agaji na cikin dalilan da sojoji suka kafa lokacin da suka kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai masu adawa da matakan tsuke bakin aljihu a fannin ilimi suka nufi gadar Kennedy a Yamai, jami'an tsaro suka buɗe wuta, ɗalibai uku suka rasu bisa ƙidayar hukuma. Jinin ranar, tare da na Cintabaradan a arewacin jihar Tawa a watan Mayu na wannan shekara, ya raunana mulkin Ali Saibu har aka kai ga Babban Taron Ƙasa na 1991. Idan aka kwatanta da wannan, gwamnatin 2005 ta kama ta ɗaure, amma daga baya ta zauna teburin sulhu, kuma mulkinta bai girgiza ba don ta ja da baya.

Masanin tarihi ɗan Ingila, E. P. Thompson, ya nuna a wani nazari na 1971 cewa masu boren abinci a Ingila ta ƙarni na 18 ba yunwa kaɗai ke tura su ba. Suna da ra'ayi tsayayye game da farashin adalci da kuma nauyin da ke kan mai mulki a lokacin tsanani. Bahaushe bai buƙaci fassara ba kafin ya gane wannan, domin a al'adarsa sarkin da ya ga fari ya ƙara kuɗin ƙasa ya saɓa wa amanar sarauta, ko da doka na gefensa.

Shekaru goma sha biyu bayan haka, kujeru suka juya. Mahamadu Isufu, ɗan Dandaji a ƙasar Illela, wanda ya jagoranci ƴan adawa a 2005, shi ke mulki lokacin da aka gabatar da kasafin 2018. Masu suka suka ce kasafin ya ƙara wa talaka haraji, ya kuma sassauta wa kamfanonin waya. Macin 29 ga Oktoba 2017 a Yamai ya rikiɗe zuwa arangama, ƴan sanda da dama suka ji rauni. Ranar 25 ga Maris 2018 aka kama Nuhu Arzika da Musa Changari tare da Ali Idrisa da wasu, saboda wata zanga-zangar da aka hana, kuma ba su fito ba sai a watan Yuli. Ministan shari'a a lokacin shi ne Maru Amadu, abokin ɗaurinsu na 2005. Hujjojin da aka ji daga bakin gwamnatin Tanja su ne aka sake ji daga bakin waɗanda suka soke ta. Wanzami ba ya son jarfa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Ali Mahaman Lamin Zen ya dawo a matsayin firaminista, a Disamba 2024 kuma aka sake kama Musa Changari.

Ma'aunin da ya rage

Tunda ra'ayin ɗan siyasa kan bi kujerar da yake kai, al'umma na buƙatar ma'aunin da ba ya canzawa da canjin gwamnati. Tarihin nan ya ba da tambayoyi uku. Shin kukan ya shafi abin da rai ba ya yi sai da shi, kuma an bi ƙofofin lalama an tarar da su a rufe? Shin jagorori sun yi iya ƙoƙarinsu wajen tsare dukiyar mutane, sun kuma fito fili sun nesanta kansu da maɓarnata? Shin hukuma ta bambanta mai jifa da mai magana, ta gurfanar da na farko bisa laifinsa, ta saurari na biyu? A 2005 amsar tambaya ta farko a bayyane take. Ta biyu ta inganta daga ranar da aka koma zaman gida. Ta uku ce hukuma ta faɗi, domin mutanen da ta kira maƙiya ƙasa a ƙarshen Maris, da ƙawancensu ta sasanta kafin Afrilu ya ƙare.

Yaran da aka haifa a Adar cikin wannan shekara ta anza sun zama magidanta da matan aure, wasunsu ma suna koyarwa a makarantun Tawa da Keita. Da yawansu sun ji labarin yunwar daga bakin iyaye mata, kaɗan ne suka ji labarin harajin da aka janye. Malaman tarihi da ƙungiyoyin al'adu na da dama su haɗa labaran biyu wuri guda, su tattara shaidar ƴan kasuwa, tsofaffin jami'an tsaro da matan karkara da suka ga 2005 da idonsu, tun suna raye.