Jami'ar Gadarif: Ilimi a Rumbun Sudan

Tun daga 1902, lokacin da aka buɗe Kwalejin Gordon, wadda ta zama Jami'ar Khartum a 1956, ilimi mai zurfi a Sudan ya daɗe yana tattare a babban birni. Gadarif kuwa, rumbun dawa da riɗi, inda jikokin Hausawa mahajjata ke zaune, sai a 1994 ta samu tata jami'ar. Nauyin da aka ɗora wa jami'ar shi ne horar da masana noma da likitoci a yankin da cutar kala-azar ta addaba. Da yaƙin 2023 ya rufe jami'o'in Khartum, jama'a suka kwararo Gadarif, sai amfanin baza jami'o'i a jihohi ya fito fili.