Soborodo: Daga Gefen Gona Zuwa Ƙasar Meziko

Yau za mu ɗan ajiye labarin soyayya mu waiwayi wani abu da kullum muke gani a bakin titin Fagge da cikin kasuwar Sabon Gari, cikin kula ko ƙulle a leda, amma ba kasafai muke tambayar asalinsa ba, wato zoɓo.

Abin da ya ja hankalina shi ne wani ɗan itace ja mai tsami da Amurkawa ke ji da shi, suna ce masa kiranberi. A fadama mai sanyi yake fitowa, a jihohi irin su Masacusets da Wiskonsin, yana yaɗo a ƙasa. Mutanen asali na ƙasar sun daɗe suna ci suna magani da shi kafin wani mai suna Henry Hall ya fara nomansa wajen 1816. Shi wannan ba zai taɓa yi a ƙasarmu ba, don sai da sanyi mai tsanani yake rayuwa. To su ma mutanen Fulorida, inda ake zafi, ba ya yi musu, sai suka sami madadinsa a wata shuka da suka raɗa wa suna kiranberin Fulorida. Wace shuka ce? Yakuwarmu ce dai, wadda tsofaffi ke yafawa a kan iyakar gona.

Bahaushe bai bar komai na jikinta ya tafi a banza ba, shi ya sa kowane sashe da sunansa. Ganyen shi ne yakuwa, wasu wuraren su ce sure, ana miya da shi, ana kwaɗo, ana sa shi a fate. Kwanson da ke rungume da 'ya'yan shi ne soborodo, akwai ja akwai fari, jan ake jiƙawa a sha, farin ya fi shiga miya. Ƙwayar ita ce gurguzu, da ita ake daddawar batso. Danginta su ne rama da kuɓewa da auduga, duk wanda ya dubi furensu zai ga kamar. Ba ta da tsirfa, tana yi a jigawa inda masara za ta ƙi, ana shuka ta da faɗuwar damina, amma ba ta fure sai rana ta fara gajarta, shi ya sa ko ka yi sammakon shuka ba za ka girbe ba sai kaka ta shigo. Furen wuni ɗaya yake yi ya bushe, daga nan kwanson ya kumbura. Ɓare shi daga ƙwayar aikin hannu ne, mai ƙaiƙayi kuwa, kuma mata da yara ne ke yinsa.

Masana da dama suna ganin a yankin Sudan aka fara noma ta. Can da Masar sunanta karkade, a Senegal bisab, a Gana sobolo. Tafiyarta ƙetaren teku kuwa ba ta daɗi ba ce, a zamanin cinikin bayi ta tafi. An san ta a Burazil tun ƙarni na 17, an rubuta labarinta a Jamaika a 1707, kuma har gobe mutanen Jamaika da ita suke bikin Kirsimeti. Mutanen Meziko ma da sunan Jamaika suke kiranta.

A nan Kano, Fagge tun asali zangon fatake ne a wajen ganuwa, inda ayarin Azbinawa ke sauke kaya. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911 sai aka kafa Sabon Gari kusa da ita don baƙi 'yan kudu. A ganina wannan maƙwabtaka tana cikin hanyoyin da zoɓo ya bi ya fita daga gidan Bahaushe, har yau a Legas da Inugu da sunansa na Hausa ake kiransa, sai dai sun ƙara masa abarba a kan citta da kanumfarin da muka sani. Waɗanda suka yi wayo a shekarun tsuke bakin aljihu, daga 1986, za su tuna yadda lemon kwalba ya fi ƙarfin talaka, matan aure masu firji suka shiga daskarar da zoɓo suna ba yara talla. Gidaje nawa ne aka biya kuɗin makaranta da wannan sana'a, Allah kaɗai Ya sani.

Yanzu kuma ya zama hajar fitarwa. Daga ƙauyukan Jigawa da Katsina da Kano, da ta Maigatari daga Nijar, ake tara shi a kasuwar Dawanau, a tsince a ɗura a kwantena, mafi yawa zuwa Meziko. Bayan 2017 Meziko ta rufe ƙofa saboda wani ƙwaron rumbu da aka samu a cikin kayan, aka yi shekaru kafin a sake buɗewa. Farashi ya faɗi, kuma ba sai an faɗa ba, wadda ta sha ƙaiƙayin ɓara a ƙauye ita ta fi kowa ji a jika, alhali ba a hannunta ƙwaron ya shiga ba, a wurin ajiya ne.

Sai batun magani, inda na fi so a saurare ni da kyau. Kiranberin Amurka an san shi da rage yawan dawowar ciwon mafitsara ga mata. Namu kuma da hawan jini aka san shi, kuma ba zancen kan titi ba ne kawai. A 2010 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka sun fitar da sakamakon gwaji a kan mutum 65 masu hawan jini mara tsanani: waɗanda suka sha kofi uku kullum har mako shida, awon jininsu na sama ya sauka da kimanin maki 7. Maki bakwai alheri ne, amma wanda jininsa ya kai 180 ya ajiye ƙwayar asibiti ya koma zoɓo, da ransa yake wasa. Kuma abin da aka gwada ɗin ba irin na leda ba ne da aka cika wa sukari da kala da ɗanɗanon gwangwani. Mai ciwon sukari ya sha wannan da sunan magani, ya ƙara wa kansa ciwo ne.

Maganar da ake cewa yana ƙara jini, ni dai ina zargin jan launinsa ne ya jawo ta, kada mai jego ta dogara da shi ta bar abin da likita ya rubuta mata. An kuma yi gwaji a Sudan aka ga shan sa tare da kulorokwin yana rage yawan maganin da ke shiga jini. Mai juna biyu kuwa likitoci suna ba ta shawara ta yi hankali da yawan shansa har sai ta sauka.