Waiwaye Adon Tafiya: Wahalar Man Fetur A Niyok Bayan Guguwar Sandy Ta 2012

Jama'a, mu mazauna Sabo ba sai an yi mana bayanin layin mai ba. Waɗanda suka yi wayo a cikinmu ba su manta da yajin aikin ma'aikatan mai na 1994 ba, lokacin da motocin kaya suka yi kwanaki a tsaye, timatir da albasa suka ruɓe a hanya, shanu suka rame kafin su iso kara. To amma da yawanmu mun ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai. A wannan fitowa muna so mu waiwayi yadda irinsa ya auka wa birnin Niyok na Amurka da jihar Niyu Jesi da ke maƙwabtaka da shi, da yadda suka yi har suka fita.

Ranar Litinin 29 ga Oktoba, 2012, da daddare, guguwar teku da aka laƙaba wa suna Sandy ta afka wa gaɓar Niyu Jesi. Iska ta yi ɓarna, amma ruwan teku da ta turo kan tudu shi ya fi yin ta'adi. A bakin tsibirin Manhattan ruwa ya tashi kusan ƙafa 14, ya malale cikin ramukan jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa. Mutum fiye da 40 suka rasu a birnin Niyok kawai, gidaje da shaguna fiye da miliyan 8 kuma suka rasa wutar lantarki a jihohin da abin ya shafa.

Abin lura shi ne, man fetur bai ƙare a Amurka ba. Hanyar da yake bi ya iso tankin mota ce ta tsinke, kuma ta tsinke a wurare da yawa lokaci guda. An rufe tashar jiragen ruwa ta Niyok saboda tarkacen da ke yawo a ruwa. Matatar Bayway da ke garin Linden, mai tace ganga 238,000 a rana a lokacin, ruwan gishiri ya shige ta, ta tsaya. Bututun Colonial, wanda ke kawo mai tun daga Teksas, shi ma ya daina zuba a Linden saboda ba wuta. Defo-defo da tankoki ke lodi, wasu ruwa ya ci, wasu ba lantarki. Kai, har gidan man da ke da mai cike a tankinsa na ƙasa bai iya sayar da ko lita ɗaya ba, domin famfo ba ya aiki sai da wuta, kuma akasarinsu ba su da janareta. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

A daidai wannan lokaci kuma buƙata ta ninka. Jirgin ƙasa ya tsaya, kowa ya fito da motarsa. Masu ƙananan janareta a gida suka fito da jarkoki, don sanyin hunturu ya fara shigowa. Tsoro kuma ya sa mai rabin tanki ma ya shiga layi don ya ciko. Ranar 2 ga Nuwamba, binciken hukumar ƙididdigar makamashi ta ƙasar ya nuna kashi 67 cikin ɗari na gidajen mai a yankin Niyok ba su da man sayarwa. Mutane suka riƙa shafe sa'o'i a layi, wani ma sai ya kusa kai wa famfo a ce ya ƙare. Aka yi ta cacar baki da dambe, har sai da aka girke 'yan sanda a gidajen mai.

To, me suka yi? Da farko magajin garin Niyok, Michael Bloomberg, ya hana mota hawa manyan gadojin shiga Manhattan sai da mutum 3 a ciki, na 'yan kwanaki. Wanda bai san maƙwabcinsa ba dole ya neme shi.

Gwamnatin tarayya ta shugaba Obama kuwa ta jingine wata tsohuwar doka ta 1920, wadda ta ce jirgin Amurka ne kaɗai zai ɗauki kaya daga wata tashar Amurka zuwa wata. Da aka ɗage ta, jiragen waje suka sami damar ɗauko mai daga kudancin ƙasar. Aka kuma umarci sashen sayayya na sojoji ya sayo fetur har galan miliyan 12 da gas galan miliyan 10. Galan ɗinsu bai cika lita 4 ba.

Akwai dabarar da ba ta ci ba. Ranar 3 ga Nuwamba aka sanar da cewa tankoki za su raba mai kyauta, galan 10 ga kowane mutum. Jama'a suka yi dafifi, wuri ya rikice, hukuma ta dawo tana roƙon mutane su ja baya a fara ba motocin agaji. Duk ɗan kasuwa ya san haka za ta faru, abin da ya yi ƙaranci in aka ce kyauta ne, mai ƙarfi ke samu.

Dabarar da ta rage layi ita ce rabon kwana. Gwamnan Niyu Jesi, Chris Christie, ya kafa ta a gundumomi 12 daga 3 ga Nuwamba. Motar da lambarta ta ƙare da cika ta sha mai a ranar cika, wadda ta ƙare da mara ta jira ranar mara, wato shafa'i da wutiri kamar yadda muka koya a makaranta. Dattawanmu na Ikko za su tuna an taɓa yin irin wannan da lambar mota a can a ƙarshen shekarun 1970, sai dai wancan don cunkoso aka yi shi. Niyok ba ta bi sahu ba sai 9 ga wata, bayan dusar ƙanƙara ta sauka ranar 7 ta dagula gyara. An cire motocin haya da na kasuwa da na likitoci daga dokar, abin da ya yi wa 'yan Afirka ta Yamma masu tuƙin tasi a can daɗi, ciki har da Hausawan unguwar Bronx. Dokar ba ta ƙara ko ɗigon mai ba, amma ta raba taron gida biyu, ta kuma kwantar da hankali. Niyu Jesi ta janye ta ranar 13 ga Nuwamba, Niyok kuwa sai 24 ga wata.

Su ma suna da nasu 'yan bumburutu, kuma wasu gidajen mai sun tsawwala kuɗi. Amma dokar Niyu Jesi ta hana ƙarin da ya wuce kashi 10 cikin ɗari a lokacin dokar ta-ɓaci, sai dai in kai ma an ƙara maka wajen sari. Tun kafin layi ya watse gwamnatin jihar ta maka wasu gidajen mai a kotu.

Da ƙura ta lafa, a 2013 jihar Niyok ta yi doka cewa gidajen mai da ke kusa da manyan hanyoyi a yankin birnin su haɗa wayar da za a jona janareta cikin gaggawa. A 2014 gwamnatin tarayya ta ajiye fetur ganga miliyan 1 domin yankin. Sai dai ɗan Adam da mantuwa, a 2024 aka sayar da wannan ajiya saboda tsadar riƙonta.

Mu da abincinmu ke kan ƙafar mota, daga Arewa zuwa nan, akwai abin ɗauka. Wahalar mai ba ta sallama. Ya kamata ƙungiya ta san tun yanzu wane kaya ne zai fara samun mota in abu ya faru, danye mai ruɓewa da dabbobi kafin hatsi da busasshen kaya. Masu ƙaramin lodi su saba haɗa kaya a mota guda tun ana zaman lafiya. Kada tsoro ya sa mu tara jarkokin fetur a ɗakunan kwana, domin gidajenmu a manne suke da juna, gobarar gida ɗaya ta unguwa ce. Mai kaya a hannu kuma ya tuna wanda ya tsawwala wa yau, gobe a layi ɗaya za su tsaya.

Muna roƙon shugabannin ƙungiya su sa wannan magana cikin ajandar taro mai zuwa. Allah Ya kiyaye mu da dukiyoyinmu, amin.