Aljanin rami da dalmar ƙarya a matatar mai

Kafin dizal ya bar matata, akan gauraya shi da iskar haidirojin a zafin digiri 300 zuwa 400, a tura shi ta cikin tulin ƙananan ƙwayoyin alumina da aka ɗora wa ƙarafa biyu. A nan ake fizge farar wutar da ke cikin man, ta fita a matsayin iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Injiniyoyi suna ce wa ƙwayoyin CoMo, wato kobal da molibdenam, kuma sai an shayar da su farar wuta tukuna suke fara aiki.

Sunayen biyu duk ruɗu ne ya haife su. Kobal daga Kobold ya fito, wani aljanin rami da mahaƙan Jamus suke ɗora wa laifi: su tono dutse suna sa ran azurfa, su saka a wuta, sai hayaƙin guba ya turnuƙe su. Sai wajen 1735 Georg Brandt na Suwidin ya ware ƙarfen. Molibdenam kuwa daga molybdos yake, dalma ke nan da Girkanci, domin an daɗe ana rikita dutsensa mai santsi da na dalma, har masanin sinadarai Scheele ya raba gardama a 1778.

Laƙabin da ya fi jawo muhawara shi ne na kobal, wanda ake kira mai ƙarfafawa. Shi kaɗai ba ya taɓuka abin kirki, amma idan ya haɗu da molibdenam aikin yakan ninku sau da yawa. Bernard Delmon na Jami'ar Louvain a Beljiyam ya raɗa wa abin suna sarrafawa daga nesa: kobal yana zaune a gefe guda, yana tsaga haidirojin yana aika wa molibdenam. A 1981 Henrik Topsøe da abokan aikinsa a Denmak suka kawo wani sunan, Co-Mo-S. Saƙonsu yana cikin layukan da suka haɗa haruffan: ukun, kobal da molibdenam da farar wuta, gini ɗaya ne.

Molibdenam da farar wuta suna shimfiɗuwa ne kamar tabarma, tsakiyarta a kwance ba aiki, bakinta ne ke kama abu. Kobal yakan zauna a bakin, ya sassauta riƙon da aka yi wa farar wutar wurin, gurbi ya buɗe, farar wutar da ke cikin man ta faɗa ciki. Hotunan da aka ɗauka a Jami'ar Aarhus aka wallafa a 2001 sun nuna faifan molibdenam da farar wuta da ke da kusurwa uku ya koma mai kusurwa shida da shigar kobal.

Shi ya sa masu ƙera ƙwayoyin suke neman faya-fayai ƙanana don baki ya yawaita. Kobal ɗin da ya rasa mazauni a baki yakan dunƙule shi kaɗai, kuɗinsa ya tafi a banza.