Aikin Masu Bin Diddigin Cututtukan Gurɓatacciyar Iska

Epidemiyoloji shi ne ilimin da ke bincika yadda cuta take tafiya a cikin jama'a: su wa take kamawa, a ina, yaushe, kuma saboda me. Likita yana duba majinyacin da ke gabansa, shi kuwa masanin wannan ilimi gari ɗungum ne majinyacinsa. A nan za mu duba reshe ɗaya nasa, wanda ke lura da iskar da muke shaƙa. Mun zaɓe shi ne domin iyaye da yawa a ikilisiyoyinmu, idan yaro ya iya kimiyya, ba sa ganin wata hanya sai likita ko nas.

Wahalar aikin ita ce hayaƙi ba ya barin sunansa a katin asibiti. Matar da ta yi shekara talatin tana hura wutar itace a ɗakin girki marar taga, in ta rasu, ciwon zuciya ko ciwon huhu za a rubuta. Sai an haɗa bayanan dubban mutane, an kwatanta masu shaƙar hayaƙi da waɗanda ba sa shaƙa, sannan hannun hayaƙin yake bayyana.

Haka ya faru a Landan cikin Disamba 1952, lokacin da hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya rufe birnin kwana biyar. Da aka ƙirga mace-mace aka kwatanta da na sauran shekaru, sai aka ga mutum wajen 4,000 sun ƙaru. Binciken baya ya kai adadin kusan 12,000. Wannan ƙidaya ce ta haifi dokar tsabtace iska ta Birtaniya a 1956. A Amurka kuma, masanan Jami'ar Harvard sun bi lafiyar mutum fiye da 8,000 a birane shida har sama da shekara goma. Sakamakon da suka fitar a 1993 ya nuna cewa mutuwa a birnin da ya fi gurɓata ta zarce ta birnin da ya fi tsabta da kashi 26 cikin ɗari, bayan an cire tasirin shan taba. Abin da suka kama da laifi shi ne ƙwayoyin ƙura da hayaƙi da ake kira PM2.5, waɗanda suka fi silin gashi siranta sau talatin. Suna shiga can cikin huhu, wasu har cikin jini. Yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana kiyasta cewa gurɓatacciyar iska tana kashe mutum wajen miliyan 7 a shekara.

Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani ba. Hazon hunturu, wanda yawancinsa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, yana haɗuwa da hayaƙin itace, gawayi, janareta da ƙona shara. Mun kuma tuna da Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta zo da gubar dalma, yara fiye da 400 suka mutu. Masu wannan aiki ne suka bi gida gida suna tambaya da gwada jini da ƙasa, har aka tabbatar da tushen abin.

Aikin yau da kullum ba shi da armashi sosai, gara mu faɗa. Akwai kafa na'urar auna iska, tattara rajistar asibitoci, tsara tambayoyi, sai kuma zaman sa'o'i a gaban kwamfuta ana gyaran alkaluma. Wanda ke gudun lissafi zai sha wuya. Yana kuma bukatar riƙon gaskiya, domin wani lokaci alkaluma ba sa faɗin abin da wanda ya biya kuɗin binciken yake so ya ji.

Hanyar shiga tana farawa da lissafi, bayoloji da kemistiri a sakandare. Digirin farko yana iya zama na likitanci, jinya, likitan dabbobi, gwaje-gwajen asibiti, lafiyar muhalli ko ƙididdiga. Daga nan sai digiri na biyu a kiwon lafiyar al'umma. Tun 2008 Najeriya take da shirin NFELTP na shekara biyu, tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Ibadan, ko da yake ya fi karkata ga cututtuka masu yaɗuwa irin su kwalara da sanƙarau. Mai son fannin iska sai ya ja aikin bincikensa zuwa can da kansa.

Wuraren aiki sun haɗa da hukumar NCDC, hukumar kula da muhalli ta NESREA, ma'aikatun lafiya na jihohi, jami'o'i da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa. Yawancin ayyukan bincike na kwantiragi ne, suna ƙarewa idan tallafi ya ƙare, don haka kada iyaye su sa ran albashin dindindin tun farko. Amma matashinmu yana da abin da baƙo ba shi da shi: yana jin Hausa da harshen ƙauyensu, ya san yadda ake sallama, kuma idan mace ce, za a bar ta ta shiga har gindin murhu ta rataya na'urarta.