Iskar Rana: Tarihin Binciken Abin da ke Ɗumama Ta

Ranar 29 ga Maris 2006, da kusufin rana ya ratsa Gusau da Katsina ya shiga Nijar ta wajen Maraɗi, mutane sun ga farin haske ya kewaye baƙin faifan wata kamar rawani. Wannan rawani shi masana ke kira korona. Zafinsa ya haura digiri miliyan ɗaya, alhali fuskar rana kanta ba ta wuce kimanin 5,500 ba. Daga cikinsa iskar rana ke fitowa, wato filasma, ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki da ke gudun kilomita 300 zuwa 800 a daƙiƙa.

Eugene Parker na Jami'ar Chicago ne ya yi hasashenta a 1958, kumbon Mariner 2 ya tabbatar a 1962. Sai dai awo ya zo da wata matsala. Iskar da ke bazuwa dole ta huce, amma wannan tana hucewa a hankali fiye da yadda lissafi ya nuna. Ke nan akwai abin da ke iza mata wuta a hanya.

Tun 1942 Hannes Alfvén, ɗan ƙasar Suwidin, ya nuna cewa layukan maganaɗisu a cikin filasma suna kaɗawa kamar tsirkiyar gurmi, kaɗawar da ake kira igiyoyin Alfvén. A 1968 Paul Coleman ya ce hargitsin da ke cikin iskar na iya ɗumama ta, sannan a 1971 masana Belcher da Davis suka ga igiyoyin Alfvén ƙarara a cikin iskar, a bayanan kumbon Mariner 5. Kaɗawar tana da nawa ƙwarai, zagaye ɗaya kan ɗauki mintoci ko sa'o'i. Idan igiya mai fita ta yi karo da mai dawowa sai su farfashe, kamar gero a turmi: ya zama tsaki, ya zama gari. A wannan mataki na ƙarshe ƙarfin ke shiga ƙwayoyin ya zama zafi.

Hujja mafi gamsarwa ta jira shekara hamsin. A Fabrairun 2022 kumbon Parker Solar Probe da na Solar Orbiter suka auna zubin iska guda a wurare biyu, aka ga ƙarfin da igiyoyin suka rasa ya yi daidai da zafi da gudun da iskar ta ƙara. An buga sakamakon a mujallar Science a 2024.